Tambaya da Amsa: Koyon Tafiya Tsakanin Ƙananan Filayen Jirgin Sama a Kwamfutar Gida

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata sun taru a kan abu guda, wato manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama wadda matasa ke sakawa a kwamfuta, kuma dukkansu daga cikin birnin Sakkwato suka fito. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma ba mu sauya manufarsu ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Runjin Sambo, kuma burina in shiga makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Ina da kwamfuta da sandar tuƙi. Kullum nakan ɗauki babban jirgin fasinja in tashi daga Sakkwato zuwa Abuja, in bar jirgin ya tuƙa kansa yana bin layin GPS har sai na kusa sauka. Yanzu abin ya fara gundurata, kuma ina jin kamar ba na ƙaruwa da komai. Me ya kamata in yi?

Amsa: Ɗan'uwa, jin da kake yi gaskiya ne, domin wanda ya danna maɓalli ya zauna yana kallon jirgi na bin layin GPS mai ruwan hoda fasinja ne, ko da kuwa a kujerar matuƙi yake zaune. Shawarata ita ce ka ajiye babban jirgin nan tukuna, ka ɗauki ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya irin Cessna 172, wanda kusan kowace manhaja take zuwa da shi, ka kashe taswirar GPS, sannan ka koyi zuwa Birnin Kebbi da abubuwa uku kawai: taswira, agogo da kamfas. Wannan shi ne aikin da manhajar gida ta fi iya koyarwa, kuma shi ne aikin da yawancin masu ita suke tsallakewa.

Rabin tafiyar a kan takarda ake yin ta, tun kafin a tayar da inji. Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, wanda za ka nema a manhaja da lambar DNSO, yana kudu da gari a tsayin ƙafa kusan 1,000 daga doron teku, kuma titinsa guda ɗaya ne mai lamba 08 ta wani gefe da 26 ta ɗaya gefen. Filin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi, mai lamba DNBK, yana wajen Ambursa. Idan ka ja layi miƙaƙƙe tsakanin su biyun za ka sami mil kusan 55 a alkiblar digiri 240 da 'yan kai, kuma mil ɗin da matuƙa ke aiki da shi mita 1,852 ne, ya fi na mota tsawo. Sai dai ni ba zan ba sabon shiga shawarar bin miƙaƙƙen layin ba a karon farko. Gara ya bi ta Argungu, domin tafiyar ba ta ƙaru da fiye da mil huɗu ko biyar ba, ga shi kuma ta ba shi alamar da ba ta ɓacewa. Daga Sakkwato zuwa Argungu mil kusan 41 ne a alkiblar da ta kusa digiri 255, kuma kwarin gulbi da fadamarsa suna hannun dama, suna matsowa sannu a hankali har ku haɗu a garin. Daga Argungu sai a karkata hagu zuwa wajen digiri 210, a yi mil kusan 18, fadama tana dama har a hango titin jirgi. Waɗannan alƙaluma na kusa da kusa ne. Ka auna naka da manhajar tsara tafiya irin Little Navmap, wadda kyauta ce, sannan ka rufe ta kafin ka tashi.

Yanzu ka ɗauki takarda ka raba tafiyar zango-zango, kamar yadda fatake suke sanin inda za su ya da zango tun kafin su ɗaura wa jakai kaya. A gaban kowane zango ka rubuta alkibla, da nisa, da mintunan da kake sa ran ci, ka kuma bar gurbi na rubuta lokacin da ka iso da gaske. Idan jirgin yana gudun mil 110 a awa, kowane mil 11 minti 6 ne, don haka Argungu tana wajen minti 22 daga tashi idan babu iska, sai ka ƙara minti biyu ko uku saboda lokacin hawa jirgi ba ya gudu sosai. Alamar da za ka zaɓa ta zama abin da ba shi da tagwaye a kusa: gada, ko mahaɗar manyan hanyoyi, ko kwanar gulbi, ko babban gari. Ƙauye ba alama ba ne, domin daga sama ƙauyukan ƙasar Kabi duk kamarsu ɗaya.

Game da tsayin da za ka yi tafiya a kansa, akwai ƙa'idar da ke raba masu zuwa da masu dawowa don kada su yi karo. Mai tafiya da ido wanda alkiblarsa take tsakanin digiri 180 da 359 yana hawa irin ƙafa 4,500 ko 6,500, wanda kuma alkiblarsa take tsakanin 0 da 179 yana hawa irin ƙafa 5,500 ko 7,500. Saboda haka za ka tafi Birnin Kebbi a 4,500, ka dawo gida a 5,500. Kafin ka motsa daga wurin ajiye jirgi ka saita ma'aunin tsayi da adadin QNH na wannan lokaci, wato matsin iskar da rahoton yanayi yake bayarwa, ka tabbata allurar tana nuna kusan ƙafa 1,000 alhali kana ƙasa. A nan ne da yawa suke rikicewa, domin jiragen da ke cikin manhaja sukan zo da ma'auni irin na Amurka mai nuna 29.92, alhali rahoton yanayi na filayenmu yana ba da adadi irin 1013, kuma su biyun matsin iska ɗaya suke nufi.

Sai batun iska, wanda shi ne gishirin aikin. A lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa. Mu ƙaddara ka saita ta a manhaja tana fitowa daga digiri 050 da ƙarfin mil 15 a awa. Za ka tashi ta titi mai lamba 08, wato mai fuskantar wajen digiri 080, domin jirgi fuskantar iska yake yi wajen tashi da sauka. Da ka juya zuwa Birnin Kebbi iskar ta koma bayanka, gudunka a kan ƙasa ya kai kusan 125, miƙaƙƙiyar tafiyar ta zama minti 26. A dawowa kuwa iskar tana gabanka, gudun ya sauka zuwa 95, tafiyar ta zama minti 35. Wannan hanya ba ta da wahala, domin iskar ba ta ture ka gefe sosai. Wahalar tana hanyar Gusau, kuma ita ce darasinka na biyu. Daga Sakkwato zuwa ƙaramin filin Gusau, DNGU, mil kusan 98 ne a alkiblar digiri 117, kuma wannan iskar za ta riƙa dukan jirgin ta hagu. Idan ka tsayar da kamfas a kan 117 ka yi zamanka, za ka kai daidai Gusau kana mil 12 ko 13 kudu da gari, wato a ranar hazo ba za ka ko ga alamarsa ba. Maganin abin shi ne ka karkata hancin jirgin cikin iska da digiri 7 ko 8, ka riƙe wajen 110, ka kuma sa ran tafiyar za ta ci kusan minti 57. A kan wannan hanya Allah ya hore maka alama mai kyau: bayan ka wuce daidai Talata Mafara, tafkin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, zai bayyana a hannun hagu, 'yan mil kaɗan daga layinka. Idan ka ga tafkin a ƙarƙashinka to ka yi arewa da yawa, idan kuwa ya yi nisa har da ƙyar kake hango shi to iska ta fi ƙarfin gyaran da ka yi.

Akwai ɗan lissafin da matuƙa ke yi da ka a irin wannan hali, kuma ya kamata ka haddace shi: kaucewar digiri ɗaya tana zama mil ɗaya bayan tafiyar mil 60. Idan bayan mil 30 ka ga ka kauce da mil 2, kuskurenka digiri 4 ne. Gyaran digiri 4 zai hana ka ƙara kaucewa ne kawai, ba zai mayar da kai kan layi ba, don haka sai ka ninka shi zuwa 8 na tsawon wasu mil 30, sannan ka rage rabi. Man fetur ma ka lissafa shi kamar da kuɗinka ka saya. Cessna 172 tana shan galan 8 zuwa 9 a awa, kuma doka a ƙasashe da yawa ta ce mai tafiyar rana ya sauka da sauran man da zai kai shi aƙalla minti 30. Kada ka cika tanki kullum don gudun lissafi. Ka zuba abin da tafiyar take buƙata, da na zuwa wani fili idan wanda ka nufa ya ƙi sauka, da na ajiya, sannan bayan ka sauka ka gwada abin da ya rage da abin da ka rubuta.

Abu na ƙarshe a kan wannan tambaya shi ne kada ka danna maɓallin tsayar da lokaci don ka duba taswira, kada kuma ka gaggauta agogon manhaja. Duk darajar aikin tana cikin riƙe alkibla da tsayi da hannu ɗaya, alhali ɗaya hannun yana rubuta lokaci.

Tambaya: Na gwada tafiya ba tare da GPS ba daga Sakkwato zuwa Katsina, amma bayan kamar rabin awa sai na rasa inda nake, ƙasa duk ta zama iri ɗaya. Na kunna taswira na ga na kauce sosai. Yaya matuƙi na gaske yake yi idan ya ɓace? Daga wani mai karatu a Gawon Nama.

Amsa: Malam, hanyar da ka zaɓa ta yi wa mai koyo tsawo, domin Katsina tana mil sama da 140 gabas da Sakkwato, kuma alamun da ke tsakani ba su da yawa. Amma tunda an riga an ɓace, ga yadda ake yi. Da farko ba a fara yawo hagu da dama ana neman abin da aka sani, domin wannan ne ke mayar da ƙaramin ɓata ya zama babba. Ana riƙe alkiblar da ake kai, a dubi agogo, a tambayi kai yaushe ne aka ga alama ta ƙarshe da aka tabbatar da ita. Idan minti 15 ke nan da wuce ta kuma ana gudun 110, to an yi mil kusan 27 daga can, sai a sa yatsa a wannan wuri a taswira, a zana da'ira mai faɗin 'yan mil kewaye da shi, domin mafi yawan lokuta a cikinta jirgin yake. A tafiya ta yau da kullum ana fara duba agogo, sannan taswira, sannan a nemi abin a ƙasa. Idan an ɓace kuwa sai a juya tsarin, a nemi babban abu a ƙasa tukuna sannan a nemo shi a cikin da'irar. Haɗarin da ke nan shi ne zuciya takan tilasta wa ƙasa ta dace da abin da take so, mutum ya ga kowane gari ya ce ai shi ne wanda yake nema, don haka kada ka yarda da alama sai abubuwa biyu ko uku sun shaida ta, kamar hanya da gulbi da yadda suka gitta juna.

Idan hakan bai yi ba, ka ƙara hawa sama don ido ya ci nisa, ka nufi dogon abu wanda ba za a tsallake shi ba a gani ba, kamar babbar hanyar mota ko gulbi, ka bi shi har ya kai ka gari. Akwai kuma tashar rediyon jagora da ake kira VOR, kuma filin Sakkwato yana da ita: idan ka kama ta, ka juya ma'aunin har allura ta tsaya tsakiya, za ta gaya maka a kan wane layi kake daga tashar. Koyon wannan na'ura a gida riba ce tsantsa, domin yadda take aiki a manhaja haka take aiki a jirgi.

Tambaya: Ni matsalata data ce da wuta. Ga shi kuma idan na je wasu ƙananan filaye a manhajar sai in tarar da titi kawai babu gini ko ɗaya, garuruwanmu ma ba su yi kama da kansu ba. Wace manhaja ce ta dace da mu? Daga Mabera.

Amsa: Manhajoji uku ne suka fi shahara. Microsoft Flight Simulator, wadda asalinta ya faro tun 1982, ta fito da sabon salo a 2020 da kuma 2024, kuma ita ce ta fi nuna ƙasa yadda take domin hotunan tauraron ɗan'adam take jawowa ta intanet yayin da kake tafiya. Kyawunta ke nan, kuma tsadarta ke nan a wurinmu: ta 2020 tana cin wuri fiye da gigabait 100 a kwamfuta, ta 2024 kuwa ta fi dogara da intanet mai ƙarfi. X-Plane ana sauke yankin duniyar da ake so sau ɗaya a ci gaba da aiki ba tare da intanet ba, kuma hanyoyi da gulaben da ke cikinta daga taswirar OpenStreetMap aka ɗauko su. FlightGear kyauta ce gaba ɗaya, kuma ba ta da nauyi kamar sauran. Ga mai lissafin data da mai jiran wuta, ni X-Plane ko FlightGear zan zaɓa, domin koyon tafiya ba ya buƙatar ganin rufin gidanku, yana buƙatar gulbi da hanya da gari su kasance a inda taswira ta ce suke. Wannan ma wani dalili ne na son gajerun tafiye-tafiye, tunda zuwa Birnin Kebbi batirin kwamfutar tafi-da-gidanka zai iya kai ka ko an ɗauke wuta.

Rashin gine-gine a ƙananan filayenmu kuwa, dalilinsa shi ne yawancin irin waɗannan filaye masu sha'awa ne suke zana su a kyauta, kuma masu sha'awar sun fi yawa a Turai da Amurka. X-Plane tana da manhajar zane mai suna WorldEditor, wadda kowa zai iya saukewa ya gina filin garinsu ya aika a saka shi cikin manhajar don amfanin kowa. Wanda ya san fasalin filin Sakkwato da idonsa ya fi wani na nesa cancantar wannan aiki.

Tambaya: Malam, na sa manhajar ta ɗauko yanayi na gaskiya a watan Afrilu da rana tsaka, sai na ga jirgin ya ci titi da yawa kafin ya tashi, kuma hawansa ya yi nauyi. Ko saitin ne ya lalace?

Amsa: Babu abin da ya lalace, zafin Sakkwato ne manhajar ta kwaikwaya. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka inji ba ya samun abin da zai ƙona sosai, farfela da fukafukai ma ba sa samun abin kamawa. A lissafin matuƙa, fili mai tsayin ƙafa 1,000 ana ɗaukar zafinsa na daidai a matsayin digiri 13, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana sa jirgi ya ji kamar an ɗaga filin da ƙafa kusan 120. A ranar bazara mai digiri 42, jirginka yana aiki ne kamar yana tashi daga fili mai tsayin ƙafa 4,500. A kan titin Sakkwato mai tsawon kusan mita 3,000 wannan ba ya kashe kowa, amma a gajeren titi, da mutum huɗu da cikakken tanki, lissafi ne na rai da mutuwa. Ka gwada tashi ɗaya da asuba da wani da azahar da nauyi iri ɗaya, ka lura da inda tayoyin suka bar ƙasa. Ka kuma gwada saita hazo irin na Janairu, ka rage nisan gani zuwa kilomita 5, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ƙa'idar tafiya da ido ta yarda da shi a irin wannan tsayi, ka ga yadda Argungu take ƙin fitowa sai ka zo kanta. Idan nisan gani ya gaza haka, darasin ranar shi ne a fasa tafiya, kuma wannan ma ana koyonsa.

Tambaya: Ɗana yana shafe awoyi a kan wannan abu, yana ce mini yana tara awoyin tuƙi ne da za su rage masa kuɗin makaranta. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Arkilla.

Amsa: Hajiya, a wannan gaɓar yaron bai fahimci abin daidai ba. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ita ce ke ba da lasisin tuƙin jirgi a Najeriya, kuma awoyin da ake ƙirgawa su ne waɗanda aka yi a jirgi na gaske, ko a na'urar kwaikwayo da hukuma ta amince da ita a ƙarƙashin malami mai lasisi. Na kwamfutar ɗaki ba sa shiga littafin matuƙi ko da sun kai dubu. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta nemi mai neman lasisin farko ya yi aƙalla awa 40 a sama, 10 daga ciki shi kaɗai, kuma a cikinsu akwai tafiya ɗaya ta aƙalla mil 150, wadda zai sauka a filaye biyu daban. Babu abin da zai ɗauke masa wannan, ko a kwalejin Zariya da aka kafa a 1964 ko a wata makaranta.

Amma kada ki ɗauka lokacin nasa ya tafi a banza, muddin yana yin abin yadda muka bayyana a sama. Ɗalibin da ya zo makaranta ya riga ya iya karanta taswira, da lissafin iska da mai, da fahimtar rahoton yanayi, ba zai ɓata awoyi masu tsada a sama yana koyon abin da ake iya koya a kan tebur ba. Abin da manhaja ba za ta ba shi ba shi ne jin jirgi a jiki, da nauyin sanda a hannu lokacin sauka, kuma malaman tuƙi sukan koka da cewa waɗanda suka saba da kwamfuta suna kafe ido a kan agogunan jirgi maimakon su duba waje. Idan kina son ki gane ko karatu yake yi ko wasa, ki ce ya nuna miki takardar tafiyarsa. Ki sa shi ya tsara Sakkwato zuwa Gusau, daga can zuwa Katsina, wadda ta haura mil 150 ɗin da ake nema, ya rubuta miki lokacin da zai isa kowane fili tun kafin ya tashi, ke kuma ki riƙe agogo. Idan ya iso cikin minti uku na abin da ya rubuta, ba tare da ya kunna GPS ba, to ki ƙara masa kuɗin data, amma da sharaɗin kada ya yi sakaci da lissafi da kimiyyar fizis da Turanci a makaranta, domin da Turanci ake magana da hasumiyar filin jirgi, kuma sakamakon waɗannan darussa ne za a fara tambayarsa ranar da ya je neman gurbi.